Yadda Na Kusa Sauke Kawu Sani Daga Tirela da Saiwar Zaƙi

To 'yan mata, ga shi nan, sai ku bar ni in sha iska. Tun ranar da na sauka Kano wayata ba ta huta ba. Wannan ta yi filashin, waccan ta turo tes wai "Hafsa ya Amurka?", kamar abu ne da za a amsa da kalma uku. Maryam ma har ɗaki ta biyo ni tana buɗe min akwati, wai taya ni jera kaya take. Na gaji da maimaita labari ɗaya, shi ya sa na zauna na danna shi kaf a waya, babban yatsana har ya yi kanta. Wadda ta karanta ta tura wa ta kusa da ita, ni katina ya ƙare.

Kun san dai malamai sun tafi yajin aiki sun bar mu muna gadin gida. Ana cikin haka Kawu Sani, ƙanin Mamana da ke tuƙin tirela a wani gari da ake kira Greensboro, ya ce a turo masa ni in yi wata biyu. Shi Kawu tun ranar da ya ji na samu Bayokem, karatun sinadaran jiki, a jami'a bai sake kiran sunana ba, sai Dakta. Na sha gaya masa aji biyu nake, ko allura ban taɓa riƙewa ba, ya ce ai duk ɗaya ne, farar riga ce. Ku riƙe wannan sunan, shi ya kusa ja min.

Mama ta haɗa min kaya kamar za ni ƙasar da ba a girki. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, citta, kanumfari, zoɓo kwano guda, sai kilishi leda biyu na Kawu, wanda ya yi waya sau uku yana tuni a kansa. Kayan sawata kala bakwai ne kawai suka samu wuri.

Daga Kano sai Legas, daga Legas awa goma sha biyu a sama. Kusa da ni wata mama ce Bayarabiya za ta renon jika, karo na huɗu ke nan, ta san jirgin kamar ɗakinta. Ita ta nuna min yadda ake kwantar da kujera, ita ta ce in ajiye robar ruwan da na shanye, don banɗakinsu babu buta. Banɗakin nan kuwa da na danna maɓalli ya yi wata irin ƙara, yasin na ɗauka ƙasan jirgin ne ya buɗe. Na fito da salati, wani Bature da ke layi yana kallona. Da aka raba takardar da ake tambayar ko kana ɗauke da abinci, na ɗaga biro zan sa a'a, maman nan ta riƙe min hannu. Ta ce in faɗi gaskiya, don akwai kare a can, kuma karen ba ya karɓar na goro.

Ashe ba wasa take ba. A Atlanta an ɗau hotona da zanen yatsuna, an tambaye ni wajen wa zan je da yaushe zan koma. Ina tsaye ina jiran a wuce sai ga wani ɗan guntun kare mai kunnuwa har ƙasa, da 'yar rigarsa ta aiki. Ya wuce mutum ashirin, ya zo gaban akwatina ya zauna kamar an ba shi kujera. Aka kai ni gefe. Jami'in ya sa safar hannu ya fara fito da kayan Mama ɗaya-ɗaya a kan tebur, ni kuma ina bayani kamar mai talla. Zoɓo ya wuce. Kuka ta wuce. Da ya buɗe daddawa sai ya ja baya taku biyu, ya kira abokin aikinsa. Shi ma ya shinshina, ya tambaye ni cikin ladabi ko abin ya lalace ne a hanya. Na ce a'a, yanzu ma ya yi daidai. Suka kalli juna suka mayar min. Kilishi ne bai tsira ba, wai nama ba ya shiga ko da busasshe ne. Na marairaice, na kira shi Oga, na ce ya ɗanɗana ya ji. A gida da tuni an yaga an raba an sallame ni. Shi kam murmushi ya yi, ya jefa leda biyun a shara a kan idona.

Wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Greensboro. Kawu da matarsa Anti Rakiya suna jira. Ya tambayi Mama, ya tambayi mutanen gida, na uku sai kilishi. Da na ba shi labari ya ce Allah ya jiƙansa, sai da muka hau babban titi ya sake magana.

Gidansu a bayan High Point Road yake, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, ko'ina kafet. Ginin katako ne, in ka taka da ƙarfi na ƙasa yana ji, shi ya sa turmin Anti Rakiya ya zama wurin ajiye lema. Ita 'yar Maraɗi ce, tana aiki a wani sito a titin Wendover, tana liƙa wa kwalaye takarda daga safe zuwa la'asar. Hausarta da Faransanci a ciki: tirelar Kawu kamyo ce, hawan jini tansiyo, in za ta yanke magana sai ta ce bon. Ni kuma ɗiyata take ce min. Ranar farko na ce bari in burge su da miyar kuka, ina soya manja sai wani abu a silin ya fara ihu. Na saki ludayi na yi waje ba takalmi. Anti ta zo da tawul tana yi masa fifita har ya yi shiru, ta ce abin jin hayaƙi ne, haka yake, ba ya son girkinmu.

Garin kuwa babu mai tafiya a ƙasa. Titi fetal, motoci kamar ruwa, amma ko mai rake ba za ki gani ba. Na fita miƙe ƙafa wata rana, wata tsohuwa ta tsayar da mota ta tambaye ni ko lafiya. Gaisuwarsu kuma a guje ake yi. Maƙwabcinmu ya ce min ya kike, na tsaya na gyara mayafi zan amsa in tambayi iyali, kafin in buɗe baki ya shiga mota. Sai ranar Juma'a na huce a masallaci, inda matan Nijar suka kama hannuna suna gaishe ni har da gajiyar shekaranjiya, 'ya'yansu kuma ki yi musu Hausa su amsa miki da Turanci ta hanci. Shayi da ƙanƙara ake sha a garin, a kofi kamar bokiti, sukari kamar an yi ɓari. Tuwo dai muna ci, da garin shinkafa na shagon Indiyawa, sai dai miyar Anti lami ce, ba gishiri ba magi. Na yi kwana uku ina haɗiya da haƙuri kafin na tambaya.

Nan ta zaunar da ni. Ashe a can duk direban tirela sai likita ya duba shi ya ba shi kati, ba kati ba sitiyari. Zuwan Kawu na ƙarshe aka samu jininsa ya hau, aka ba shi katin wata uku kawai, irin wanda ba a bayarwa sau biyu. Saura sati biyar ya koma. In jinin bai sauka ba, sai ya ajiye makulli. Shekara goma sha ɗaya yana jan kujeru da gadaje daga masana'antun yankin zuwa wasu jihohi, bai iya wani aikin ba, kuma ba ƙaramin gida ne a Kano ke ci daga tayar motar nan ba, har da namu. Likita ya rubuta masa ƙwaya, Kawu ya ce yana sha a hanya.

Wani abokinsa direba ne ya ba shi labarin wata 'yar Caina mai haɗa magani, Mama Lin. Ranar Asabar muka tafi mu uku. Shagon kayan abinci ne a nan High Point Road, daga gaba kifi ne da rai a cikin gilashi, da shinkafa buhu-buhu, da ganyayen da ban san sunansu ba. Can ƙurya sai ga bango guda na ƙananan aljihunan katako, da wata 'yar tsohuwa siririya da tabarau rataye a wuya. Ta sa Kawu ya ɗora hannu a kan ɗan matashi, ta dafa da yatsu uku, ta koma ɗaya hannun. Sannan ta ce ya fito da harshe. Kawu ya kalle ni, ya kalli Anti, ya ce mu juya baya.

Ta tambaye shi barci, ta tambaye shi ciwon kai, ta tambaya ko likita ya ba shi magani. Ya ce e. Ta ce to ya ci gaba da sha, nata taimako ne kawai, kuma ya nuna wa likitan abin da za ta ba shi. Sai ta fara jawo aljihuna. Wani busasshen fure rawaya kamar maɓallin riga. Wasu jajayen 'ya'ya kamar zabibi. Wani yankakken abu mai tsami kamar kauɗar tumatir. Wani kuma ina gani na ce wannan magarya ce da ta samu hutu, ta yi ƙiba ta yi ja. Na ƙarshe wasu ƙananan 'ya'ya ne masu sheƙi. Anti ta ɗauki ɗaya ta juya, sai ta fashe da dariya. 'Ya'yan tafasa ne. Tafasar nan da ke fitowa bayan gida da damina, wadda ko akuya sai ta rasa abin ci take kallonta. Anti ta ce da ta sani da buhu za ta sa a kawo mata daga Maraɗi ta buɗe nata shagon.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne awo. Wani ɗan sikeli ne da ita na tagulla, sanda da faranti kamar murfin kofi. Ta zuba, ta ɗaga, ta rage ƙwaya biyu, ta sake ɗagawa. Ƙunshi goma sha huɗu ta yi, kowanne na kwana ɗaya. Ni kuwa na saba da 'yar mai ganye ta kasuwarmu, wadda za ta dumbuza da hannu, ki ce Inna gyara, ta ƙara miki wani. A kan teburin akwai wata kwalba cike da wata saiwa yankakkiya, cikinta rawaya. Mama Lin ta ga ina kallo ta miƙo min ɗaya in tauna. Wallahi zaƙi kamar an jiƙa ta a zuma, kuma ya daɗe a maƙogwaro. Na nuna maganin Kawu na ce ta ɗan jefa mana wannan a kai, gyara. Na yi mata bayanin gyara da Turanci da hannu, cewa a wajenmu in an saya ana ɗan ƙarawa. Ta girgiza kai ta ce a'a, ta rufe kwalbar, ta juya ga wanda ke bayanmu. Na ce a raina tab, rowa har Amurka. Muna fita ta gaban shagon na hango saiwar nan a leda, jere da kayan miya. Na ɗauki babbar leda na biya na cusa a jaka. Su Kawu suna can suna kallon kifi.

Tunda ni ce Dakta, kuma ni ce ke gida, dahuwa ta faɗo kaina. Dokar Mama Lin ita ce tukunyar ƙasa ko ta gilashi, a jiƙa rabin awa, a dafa a ƙaramar wuta, kofi ɗaya da safe ɗaya da yamma, kar a ƙara komai. Ranar farko na bi doka tsaf. Kawu ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce wannan ruwan wankin tukunya ne, ya nemi sukari. Anti ta ce ko ƙwayar sukari ɗaya ba zai samu ba. Ya ture kofin. Washegari na jefa saiwata yanka biyar. Ya shanye ya ce a ƙaro.

Daga nan kaina ya fasu. Na ce abin da kofi ɗaya zai yi, fulas ai ya fi shi. Na ajiye 'yar tukunyar gilashi na ɗauko babbar ta taliya. Na zuba zoɓon Mama don kala, citta da kanumfari don ƙamshi, saiwa kuma cikin hannu biyu, da ido, yadda muke komai. Ya fito jawur, ga zaƙi ba sukari, ya haɗu ba ƙarya. Anti ta tambayi abin da ke ba shi zaƙi, na ce wata saiwa ce daga shagon Mama Lin. Ban yi ƙarya ba, amma kun gane. Kawu ya riƙa cika manyan fulas biyu yana tafiya da su, yana kurɓa daga nan har jihar Tennessee. Ya yi wa Mama waya ya ce 'yarta ta fi likitocin Amurka, Mama ta gaya wa duk layinmu. Ni kuma ina ta tura muku tes wai na zama ƙwararriya, Maryam shaida ce.

Kwana goma sha biyu da farawa takalmin Kawu ya ƙi shiga. Ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa ya zauna. Ga ciwon kai. Da yake ba ya zargin Dakta, sai ya juya kan Anti, ya ce tana sa magi a ɓoye don miyarta ta yi daɗi. Ta ɗauko kwalin magin daga saman kabad, a rufe yadda aka sayo shi, ta ajiye a gabansa ta shiga ɗaki. Kwana biyu gidan ba dariya. Matar nan fa wata biyu tana cin lami saboda shi.

Ranar Asabar muka je wani kantin magani a Wendover inda akwai kujerar awon jini kyauta, ka zura hannu ka danna. Kawu ya zauna yana murmushi, don shi ya yarda maganin yana aiki. Lambar ta fito sama da wadda ta sa aka ba shi katin wata uku. Ya ce injin ya lalace. Anti ta zura nata hannun, lafiya lau. Ya sake gwadawa, ta ƙaru. Saura kwana goma sha takwas.

A mota Kawu ya ce tsohuwar nan ta cuce shi, yau sai ta yi masa bayani. Anti ta kira ta a waya. Mama Lin ta ce mu zo da la'asar, mu taho da tukunyar yadda take, kar a zubar da abin da ya kwanta a gindi. Muna isa gida na hau kwamfutar Kawu na rubuta sunan da ke jikin ledar saiwata. Layin farko ya ishe ni. In aka sha ta da yawa tana riƙe gishiri da ruwa a jiki, tana sa jini ya hau, tana kumbura ƙafa. Na karanta sau uku ko zai canja. Ni da muka yi lakca guda a kan gishirin jiki, har na ci tes ɗin.

Na shiga kicin na tsiyaye fulas biyun. Na buɗe tukunyar na fara tsince saiwar, don in babu ita a ciki babu mai sani. Na cire bakwai na dunƙule a hannu, sai Anti ta shigo. Ba ta ma lura da ni ba. Ta buɗe firij ta tsaya tana kallon robar miyarta.

"Ɗiyata," in ji ta, "ko daddawar nan da gishiri aka yi ta? Wataƙila ni ce ban sani ba."

Tana fita na mayar da bakwai ɗin cikin tukunya na rufe.

Mama Lin ta shimfiɗa jarida a kan teburinta ta juye tukunyar, ta ɗauki tsinken cin abincinsu guda biyu ta fara rarrabewa. Fure gefe, tafasa gefe, magarya gefe. Kawu yana tsaye ya harɗe hannu, ya shirya jawabinsa tun a mota. Ta ɗago citta ta kalle mu. Ta ɗago kanumfari. Ta ɗago zoɓo, ta ce wannan ta san shi, su ma suna da shi. Sai ta fara tara saiwa. Tulin ya yi ta girma har ya fi duk nata kayan in an haɗa. Ta sa tabarau, ta ce wannan bai fito daga hannunta ba.



"Kawu, ni ce," na ce.

Na fito da ledar daga jaka, saura kwata. Na faɗi komai, har da rowar da na ce ta yi. Mama Lin ba ta ɗaga murya ba. Ta ce saiwar magani ce mai kyau, ana jefa yanka ɗaya ko biyu a haɗi don ta sasanta sauran, amma ba ga mai irin jinin Kawu ba, shi ya sa ta hana. Ta ce ita ma da laifinta, da ta faɗa min dalili. Sai ta juya ga Kawu ta tambayi sunan ƙwayar da likita ya ba shi. Ya ce fara ce, ƙarama. Ta ce sau nawa a rana. Ya koma kallon kifaye.

"Alhaji," in ji Anti, "ina kwalin ƙwayar?"

Yana aljihun tirela, ko buɗe shi bai yi ba. Wai direbobi sun ce in ka fara ƙwayar hawan jini kai da ita har kabari, shi ya sa ya ce bari ya gwada na gargajiya tukuna. Anti ta dube shi, ta dube ni, ta ce bon, ashe ita kaɗai ke jinya a gidan, marar lafiya da likitarsa duk hutu suke. Mai yankan kifi ma da ba ya jin Hausa sai da ya yi dariya.

Mama Lin ta ɗaure ledar saiwar ta miƙa wa Anti, ta tsallake hannuna. Ta ce mu wuce asibiti yanzu, kar mu jira Litinin, mu nuna wa likita ledar, kuma kar Kawu ya sake shan komai nata sai likitan ya yarda. Muka samu wani ƙaramin asibiti da ke buɗewa Asabar. An ɗebi jini, likitar ta ce wani gishirin jikinsa ya yi ƙasa saboda saiwar. Ta canja masa ƙwaya, ta ce ya huta da tuƙi 'yan kwanaki, ya riƙa cin ayaba, ya dawo ta sake dubawa. Da ta ji ni ce na haɗa abin, ta tambaye ni me nake karanta. Na ce Tarihi. Kawu bai tona ni ba.

A hanya nake ba shi haƙuri, ya ce in bari, shi ma ai ya yi nasa. Da muka isa ya shiga kicin, wurin da ban taɓa ganinsa ba, ya tsaya bayan Anti yana sosa ƙeya. Ban ji me ya ce ba. Na dai ga ya ɗauki kwalin magin da kansa ya mayar saman kabad, kuma a ranar miyar lamin nan kwano biyu ya ci yana santi.

Daga nan Anti ta karɓe mulki. Ƙwayar a hannunta take, sai ta ga ya haɗiye, har harshe take sa ya fito da shi irin na Mama Lin. Ayaba kuwa ya ci har ya ce ya fara tausaya wa biri. Aikina shi ne raka shi zagayen wurin ajiye motoci da yamma, da zuwa kujerar Wendover duk bayan kwana biyu, ina adana lambar a wayata. Satin farko ta ƙi motsi sosai, har na rame. A na biyu kumburi ya sace, takalmi ya shiga, lamba ta fara gangarowa kaɗan-kaɗan. Likitar ta duba ragowar ƙunshin Mama Lin ta ce kofi ɗaya ba damuwa, na koma 'yar tukunyar gilashi, Anti tana tsaye a kaina.

Ranar awo muna ɗakin jira ni da Anti, ita ta riƙe carbi, ni na riƙe waya ina dannawa ba abin da nake rubutawa. Minti arba'in. Kawu ya fito fuska a ɗaure, ya wuce mu ya nufi waje. Sai da ya kai bakin ƙofa ya ɗaga wani ɗan kati sama, bai ko waiwayo ba. Na shekara ɗaya ne. Anti ta bi shi tana dukansa da jaka a gaban Turawa, ni kuma na yi guɗa, 'yar ƙarama dai, amma sai da matar da ke karɓar baƙi ta miƙe tsaye.

Ana jibi zan taho na koma wajen Mama Lin ni kaɗai, a bas, da ragowar zoɓon Mama a leda. Ta shinshina ta ce ya fi nata ja. Na ce ina so in sayi furen nan da jar magarya in kai gida, na shan daɗi kawai. Ta tambaya su waye za su sha, akwai mai ciki, akwai mai shan maganin likita. Ta rubuta min awo a takarda ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta ɗauko sikelinta, ta zuba, ta ɗaga, ta rage biyu, ta sake ɗagawa. Ta kusa naɗe takardar sai ta tsaya. Ta ɗauki tsinkenta, ta ɗauko fure ɗaya tak daga aljihun, ta ɗora a kai.

"Gyara," in ji ta.

To masu tambayar tsaraba, ku zo Asabar bayan la'asar. Kofi ɗaya-ɗaya ne, da cokalin awo zan haɗa, kuma wadda ta ce in ƙara mata zaƙi sai ta fito min da harshe tukuna. Furen nan guda ɗaya dai ba zai shiga tukunya ba. Yana cikin littafina na Bayokem, a babin gishirin jiki. Kawu ya kira jiya yana shirin kama hanya, ina ɗagawa ya ce Dakta ya gajiya, sai na jiyo muryar Anti a bayansa tana cewa ya dai sha ƙwayarsa.